HJ60 ɗina ta karkace hagu, na canza amortisa har yanzu shiru

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masana kat-kat ku taimaka min. Ina da Land Cruiser HJ60 ta 1986, mai injin 2H na gazuwal, ta marigayi babanmu ce, da ita ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Damagaram da Tanout, bayan rasuwarsa ta faɗo hannuna kuma na yi niyya ba zan sayar ba. Matsalar ita ce ta kwanta hagu, in ka tsaya bayanta kana kallo sai ka ga kamar mutum mai ciwon ƙugu, gefen direba ya yi ƙasa sosai musamman ta baya. Na kai wani garaji aka ce amortisa ne, na sa sabbi guda huɗu jika 60 suka tafi, muka sauke ta daga kirik tana nan yadda take ko santi ɗaya ba ta ɗago ba. Yanzu wani ya ce shasi ne ya murɗe wai ba ta gyaruwa. Tun jiya maganar nan ta hana ni barci.

Usta Garin Malam:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka. Abu na farko amortisa ba ya ɗaukar nauyin mota, aikinsa kawai ya kashe tsalle, lam, wato jerin ganyen ƙarfen nan da ke ƙarƙashi, shi ke ɗauke da mota. Wanda ya sa ka sayi amortisa don karkata bai duba motar ba. Na biyu kar ka yarda da maganar shasi tun ba a auna ba. Ka auna ta? Santi nawa ne bambancin?

Ɗan Birni:
Usta gaskiya da ido kawai nake gani, ban sa metir ba

Usta Garin Malam:
To daga nan za a fara. Ka kwashe duk abin da ke ciki, bidon ruwa, kayan kile, buhu, komai. Ka je wurin mai faci ya daidaita iskar taya huɗun, kuma ka duba ko duk girmansu ɗaya ne, don na sha ganin mota da 7.50R16 sabuwa a dama da wadda ta cinye ƙwarai a hagu, wannan kaɗai ya isa ya ba ka santi guda. Sai ka sami daɓen siminti mai kyau, ba yashin ƙofar gida ba, ka ajiye ta ka ɗan girgiza ta ta zauna. Ka auna daga cibiyar taya zuwa bakin bodi da ke samanta, kusurwa huɗu. Sannan ka shiga ƙasa ka auna tsakanin pon, wato ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama, da robar nan da ke manne a shasi wadda pon ke bugawa in mota ta faɗa rami, hagu da dama, gaba da baya. Rubuta mana lambobin a nan.

Na Tanout:
ni dai shawarata ka kai ma makera su kara maka lam daya a hagun shikenan, haka muke yi ma namu kuma suna daukar kaya lafiya lau. duk wannan aune aunen bata lokaci ne

Tsohon Sofer:
Ɗana na Tanout, ku bi a hankali. Na yi shekara sama da talatin a kan sitiyari, Agadez, Gouré, Tesker, har N'guigmi babu inda ban taka da waɗannan motoci ba. In ka ƙara lam a gefe ɗaya motar za ta miƙe a tsaye, wannan gaskiya ne, amma gefen ya fi ɗan'uwansa tauri ke nan. Ranar da ka shiga eskaliye, wato hanya mai kunya-kunya, da gudu, ko ka taka birki da ƙarfi don raƙumi ya tsallako maka hanya, gefe ɗaya zai lotsa ɗayan ya ƙi, sai ka ji bayan motar na neman wuce gabanta. Na gani da idona a hanyar Tanout, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba amma kaya duk sun watse. In za a ƙara a ƙara duka biyun.

Na Tanout:
Baba ban musa muku ba, amma ai ba kowa ke da kudin sabon lam ba

Tsohon Sofer:
Haka ne ɗana, shi ya sa ake aunawa tukuna don kar a kashe kuɗin a inda ba nan ciwon yake ba. Ga shi an riga an ci masa jika 60.

Magini Sabon Gari:
Ni ba makanike ba ne amma bari in sa baki a maganar daɓe. Yawancin simintin gidan mai da gangan ake karkata shi don ruwa ya gangara, to in ka auna a kai zai ruɗe ka. Ka auna sau ɗaya, ka juya motar ta fuskanci inda bayanta yake a daidai wurin ka sake aunawa, in lambobin sun bambanta ka san ƙasa na da hannu a ciki. Ko ka ari tiyon ruwa irin namu na magina mai haske ka gwada wuraren da tayoyin za su zauna, ruwa ba ya ƙarya.

Ɗan Birni:
Na dawo. Na yi yadda kuka ce, iska 2.5 duka, tayoyin iri ɗaya ne, na juya ta na sake aunawa kamar yadda Malam magini ya ce kuma kusan abu ɗaya ya fito. Daga cibiyar taya zuwa bodi: baya hagu 49, baya dama 53, gaba hagu 50 da rabi, gaba dama 52. Ta ƙasa tsakanin pon da roba a baya: hagu 6, dama 8, a gaba bambancin bai kai santi ɗaya ba. Wani abu kuma da na lura, jumel ɗin baya na hagu, ƙarfen nan da ke rataye ƙarshen lam a shasi, ya kwanta sosai ya miƙe baya, na dama kuwa yana ɗan tsaye.

Usta Garin Malam:
Yawwa yanzu muka fara magana. Ciwon a baya hagu yake. Na gaban nan da ka gani bin baya kawai yake, don shasi abu ɗaya ne, in kusurwa ɗaya ta zauna sai ta ja na gabanta ƙasa ta ɗaga wadda ke can ƙetare, kamar tebur mai gajeriyar ƙafa. Da yawa a nan suke kuskure su je su taɓa lam ɗin gaba alhali lafiyarsa ƙalau. Jumel da ya kwanta kuma alama ce lam ɗin ya saki, ya miƙe ya ƙara tsawo shi ya sa ya tura jumel baya. Kuma kar ka yi mamaki don ka ga 2 a ƙasa 4 a sama, lam yana can ciki kusa da tsakiya, bakin bodi yana waje, ƙaramin bambanci a ciki yana girma in ya fito waje. Amma ni 2 zuwa 4 ya ɗan yi min yawa, ina zargin akwai wani abu ƙari. Tambaya, marigayi yana da abin da yake ɗorawa kullum a gefe ɗaya?

Ɗan Birni:
Allahu akbar, Usta kamar kuna nan. Yana da tano na ruwa da ya ɗaure a baya ta hagu, ni tun ina yaro nake ganinsa a wurin, har shatinsa na nan a daɓen motar. Ga shi kuma shi kaɗai yake yawan tafiya, mutum ne mai jiki Allah ya jiƙansa.

Tsohon Sofer:
Amin ya Allah. To ka gani. Tano cike lita 200 ne, kilo 200 ke nan ban da ƙarfen, a kusurwa ɗaya shekara da shekaru a kan hanyar Tanout tun kafin a gyara ta. Wane ƙarfe ne ba zai gaji ba.

Mai Landiroba:
Bari in kawo wani abu da ba a faɗa ba. Ni tawa Land Rover ce Series 3, irin waɗanda aka yi daga 1971 zuwa 1985, kuma su tun daga kamfani lam ɗin hagu da na dama ba ɗaya ba ne, na gefen direba ya fi lanƙwasa kaɗan don ya ɗauki ƙarin nauyi. Ni abin da ya same ni ke nan, na sayi lam na Ingila inda sitiyari ke dama, yaran garaji suka ɗaura yadda suka ga dama, mota ta fito a karkace fiye da da. Wata uku ina fama kafin wani dattijo ya ce a sauke a jera su ƙasa, muna jerawa sai ga ɗaya ya fi ɗaya tsayi. Ko masu yin lam na zamani irin Old Man Emu suna sa A da B a kan wasu don a san wanda ya fi tudu. To ka bincika ko an taɓa sauke naka aka juya su.

Ɗan Kasuwa Kano:
Ni ina ganin nauyin difaransiyal ne ma. Ku duba ƙasan 60, tulun gaba da na baya duk suna gefen dama, dole mota ta ƙi daidaita

Usta Garin Malam:
Alhaji tulun na dama gaskiya ne amma ba ya cikin lissafi. Pon a kan taya yake zaune, taya a ƙasa, lam bai ɗauke shi ba. Abin da lam ke ɗauka shi ne shasi da abin da ke kansa, inji, buwat, tanki, batir, bodi, mutane. Kuma ko da yana ciki ai dama za ta kwanta ba hagu ba. Maganar Mai Landiroba kuwa tana kan hanya, kuma gwaji ɗaya zai raba mana gardama: a sauke lam biyun baya a musanya su, na hagu ya koma dama na dama ya dawo hagu. In karkatar ta bi lam ta koma dama to lam ne. In ta tsaya hagu sai mu fara maganar shasi ko kunnuwan da lam ke rataye. Aikin yini ɗaya ne ba ka sayi komai ba. Sai dai a kula, hagu da dama ake musanyawa, kar a juya gaban lam ya koma baya. Kuma don Allah a sa shandel, ƙafar ƙarfen nan ta tokare mota, ƙarƙashin shasi, kar wani yaro ya shiga ƙasan mota tana kan kirik kaɗai ko kan bulo.

Ɗan Kasuwa Kano:
Na karɓa Usta, ban yi tunanin haka ba. In dai ta kai ga sayen sifirin, wato lam, a yi min magana, ina shiga Kofar Ruwa kusan duk sati, ana samun na Beljiyam masu kyau

Na Tanout:
to in lam ne ya saki ai sai a kai makera su gasa shi su lankwasa, kwana daya an gama

Usta Garin Malam:
Nan ne ba zan yi shiru ba. Lam ba ƙarfen gini ba ne, a masana'anta an gasa shi an tsoma shi an sake ɗumama shi a wani zafi da aka auna, wannan ne ke sa in ya lotsa ya dawo. In maƙeri ya sa shi a gawayi ya yi ja ya bar shi ya huce a iska ya kashe wannan ƙarfin, ranar farko mota za ta tsaya cak kamar sabuwa, bayan sati uku ta koma ta fi da kwanciya. In kuma ya tsoma shi a ruwa yana ja sai ya yi tauri kamar gilashi, rami ɗaya ya karye. Ban raina maƙeranmu ba, akwai masu hannu ƙwarai, amma masu hannun ba sa sa wuta, a sanyi suke yi, su warware lam ɗin ɗaya bayan ɗaya su zana lanƙwasar da alli a ƙasa su riƙa bugu da babbar guduma a kan guntun reli ko su matsa da pires kaɗan kaɗan suna gwadawa da zanen. Wannan yana ɗan jimawa. Amma shi ma gaskiya ƙarfen da ya kusa shekara 40 ya riga ya gaji, lokaci kawai kake saye.

Tsohon Sofer:
Mu a daji mun sha yin na sanyin don mu iso gida, yana kai ka. Na wuta kuwa ko kyauta ban so.

Ɗan Lakkwal:
Ni kuma a wani bidiyo na ga ana sa farantin ƙarfe tsakanin pon da lam a gefen da ya kwanta don ya ɗago, ba sai an sauke komai ba. Ba zai yi ba?

Usta Garin Malam:
Ɗana leƙa ƙasan 60 ka gani. A wannan motar lam a ƘARƘASHIN pon yake, pon na zaune a kansa. In ka cusa faranti tsakaninsu ka tura lam ƙasa ke nan, lam kuma shi ke riƙe da shasi, to gefen zai ƙara sauka ne ba ɗagowa ba. Abin da ka gani na motocin da lam ke saman pon ne kamar bayan wasu pikap. A 60 in za a yi wannan dabara a gefen da ya yi SAMA ake sa farantin don a sauko da shi ya daidaita da ɗan'uwansa. Kuma ana yi ne in bambancin kaɗan ne, santi ɗaya haka, kuma dole kan bulon tsakiya ya shiga raminsa sosai in ba haka ba pon zai zame. Santi 4 ba aikin faranti ba ne.

Ɗan Lakkwal:
Kai, da na yi shi a juye ke nan. Mersi Usta. To dogon jumel fa?

Usta Garin Malam:
Jumel yana ɗaga kusan rabin abin da ka ƙara ne kawai tunda kai ɗaya na lam yake ɗagawa, ka ƙara santi 4 ka samu 2. Kuma a gefe ɗaya yana ɗan murɗa zaman pon. A gaba ma ya fi muni don yana taɓa yadda sitiyari ke dawowa. Ni ba na yi.

Ɗan Birni:
Jama'a yau Asabar mun yi aikin, ni da wani ƙanena da yaran garajin unguwarmu, tun bayan asuba sai la'asar muka gama. Abin da muka gani ya ba ni tsoro. Da muka sauke na hagu muka kwance ƙullin da ke haɗa su, lam na uku daga sama a karye yake gida biyu daidai kusa da bulon tsakiya, inda birid, ƙarfen da ke ɗaure lam da pon, ya rufe shi ba ka iya gani daga waje. Karayar ba ta yau ba ce, bakinta ya yi baƙi ya yi sumul don gugar juna, sai ɗan wuri kaɗan kamar faɗin farce ne ke da haske. Jan ƙura na tsatsa ta cika tsakaninsu. Sannan ƙusar jumel ta sama ta ƙi fita sai da muka jiƙa ta da gazuwal muka yi ta bugu, da ta fito robar babu ita ta narke, ƙusar kuma ta cinye ta yi wuya kamar an sassaƙa. Mun jera lam biyun a kife a ƙasa, na dama ya fi na hagu tudu da yatsa biyu. Duk da haka mun musanya kamar yadda Usta ya ce don mu gani, mun ɗan zagaya unguwa a hankali muka dawo muka auna. Yanzu ta kwanta DAMA amma da santi 2 kawai, ba 4 ba.

Tsohon Sofer:
Alhamdu lillahi da ba uwar lam ce ta karye ba kana kan hanya. Kar ka sake ɗaukar kowa a motar nan sai an canza.

Usta Garin Malam:
Madalla, shasinka lafiya lau in sha Allah tunda karkatar ta bi lam. Yanzu yi lissafi da ni. Da tana hagu da 4, an musanya ta koma dama da 2. Ke nan lam na da 3, akwai kuma wani santi 1 da ke zaune a hagu ko wane lam ka sa. Shi ne abin da na ce ina zargi. Je ka duba robobin da ke tsakanin bodi da shasi, musamman na baya ta hagu inda tanon nan ya zauna. Auna daga saman shasi zuwa ƙasan bodi hagu da dama. Ka kuma kwance sandar stabilizate, wadda ke rage wa mota karkata a kwana, ta gefe ɗaya ka ga ko ramin ya yi daidai da kansa ko sai an danne, don in ta lanƙwashe ita ma tana riƙe mota a karkace.

Ɗan Birni:
Na duba da tocila. Sandar lafiya take. Robar bodi ta ƙarshe a hagu kuwa ta lotse ta fashe kamar ƙosai da aka taka, ta dama tana nan da kaurinta. Ƙarfen da ke samanta ma ya ɗan ci tsatsa, ina jin ruwan tano ne ke zuba a wurin.

Mai Landiroba:
To ka ga abu biyu ne suka haɗu. Ka sa mai sudur ya duba ƙarfen kafin a sa sabuwar roba, in ya ruɓe sabuwar ma nutsewa za ta yi

Na Tanout:
gaskiya na yarda, da an kara lam a hagu da karyayyen na nan ciki ba wanda ya sani. amma tambaya, ba za a canza na ukun kadai ba a bar sauran?

Usta Garin Malam:
Za a iya in aljihu ya matsa, a samo na uku mai faɗi da kauri ɗaya a sa, amma sauran sun daɗe suna ɗaukar nauyin wanda ya karye sun saki, ba zai dawo daidai da na dama ba. Tunda mota ce da yake son riƙewa ni dai biyu zan ce ya saya, daga mota ɗaya, a jera su ƙasa a gani kafin a biya. In ɗaya ya ɗan fi tudu a sa shi gefen direba.

Ɗan Kasuwa Kano:
Turo min tsawon daga ido zuwa ido, da daga ido zuwa bulon tsakiya ta kowane ɓangare, da faɗi da adadin ganyen. Zan auna da kaina a can, in sa a motar da ke biyowa ta Matameye

Ɗan Birni:
Na tura muku ta waya Alhaji, Allah ya saka da alheri

Usta Garin Malam:
In sun iso ga abin da za ka tsaya a kai da kanka kar ka bar wa yara. Birid sabbi, tsofaffin sun riga sun miƙe. Robobin jumel sabbi duka da ƙusar nan da ta cinye. Kuma mafi muhimmanci kar a ɗaure ƙusoshin jumel da na idon lam tam mota na rataye a sama, a sa su sako-sako, a sauke ta kan tayoyinta, a girgiza ta sosai ko a ɗan zagaya da ita, sannan a ɗaure. In aka ɗaure a sama robar na murɗewa ta riƙe gefe ɗaya, sabon lam ma sai ka ga mota a karkace ka ce kayan ne ba kyau. Bayan ka yi tafiya kaɗan kamar zuwa Mirriah ka dawo a sake bin birid da kile.

Ɗan Birni:
Salam jama'a, yau kwana 12 da maganarmu. Lam sun iso ranar Alhamis, mun ɗaura jiya, mai sudur ya yanke wurin tsatsar ya sa sabon ƙarfe, robobin bodi na baya biyun duka na canza. Mun ɗaure a ƙasa kamar yadda aka ce. Da safen nan na je Mirriah na dawo muka sake ɗaure birid, biyu daga ciki sun ɗan karɓa. Awo a daɓen nan na farko: baya hagu 54, baya dama 54 da rabi, gaba hagu 51 da rabi, gaba dama 52, ban taɓa gaban ba ko kaɗan ya daidaita da kansa. Da na shigo da ita gida innarmu na zaune a tsakar gida, ta daɗe tana kallonta ta ce haka take tsayawa lokacin da Malam ya kawo ta. Usta rabin santin nan da ya rage in bi shi ko in bari?

Usta Garin Malam:
Bar shi. Lam ɗin za su ƙara zama nan da wata guda, ka sake aunawa a lokacin tanki cike ka rubuto mana. In za ka mayar da tanon ruwa ka ɗaure shi a tsakiya, gaban pon na baya.